Makeron da ya ƙi jin magani: amsa ga wata ma'aikaciyar lafiya

Tambaya: Likita, ina aiki a ƙaramin asibitin matakin farko, kuma a 'yan shekarun nan makero ya zame mana ƙarfen ƙafa. A da kirim ɗin kilotirimazol na sati uku ya wadatar, amma yanzu sai mace ta zo da shi tun daga matsematsi har cibiya da ƙarƙashin nono, in ba ta magani ya lafa, bayan wata guda ta dawo tare da mijinta da 'ya'yanta. Na ji ana cewa an sami sabon nau'i wanda ba ya jin tarbinafin. Shin shi ne ya iso mu? Kuma me ya kamata in sauya a aikina?

Amsa: Malama, abin da idonki ya gani gaskiya ne, labarin da kika ji ma gaskiya ne, sai dai ina so ki jera su yadda ya kamata, domin idan kika fara da zargin sabon nau'in za ki tsallake dalilin da ya fi yawa, wanda kuma ya fi sauƙin gyarawa. A mafi yawan majinyatan da ke dawo miki, ba ƙwayar cutar ce ta sauya ba. Fatar ce ta sha wani magani na watanni kafin ta iso gabanki, kuma wannan maganin shi ne ya ɓata kamannin cutar, ya faɗaɗa ta, ya sa ta ƙi tafiya.

Bari in fara da sabon nau'in, tunda shi kika ambata. Wajen shekara goma sha da suka wuce likitocin fata a Indiya suka fara kokawa da irin abin da kike kokawa da shi yau: makero mai faɗi, mai ƙaiƙayin da ke hana barci, yana kama gida guda gaba ɗaya, a sha tarbinafin ya lafa ya dawo. A shekarar 2020 wasu masu bincike a Japan, ƙarƙashin wani masani mai suna Rui Kano (sunan iyali ne na Japanawa, ba shi da haɗi da Kanonmu), suka bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, suka raɗa masa suna Trichophyton indotineae. Tarbinafin yana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadarin fangas (ƙwayar da ke haddasa makero) da ake kira sikwalin ifoksides, wanda ƙwayar ke bukata wajen gina fatar jikinta. A yawancin samfuran wannan jinsi an sami sauyi a ƙwayar halittar da ke ƙera sinadarin, saboda haka maganin ba ya samun wurin kamawa. Daga yankin Indiya matafiya suka kai shi Gabas ta Tsakiya da Turai, kuma a watan Mayu na 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum biyu na farko a birnin New York. Mutanenmu suna zuwa Indiya neman magani da karatu, suna zuwa Dubai fatauci, suna cuɗanya da al'ummar duniya a aikin Hajji da Umara, don haka tambayar tafiye-tafiye, ta majinyaci ko ta wani a gidansu, ta cancanci shiga cikin tambayoyinki na kullum.

Abin da ya fi muhimmanci a labarin Indiya shi ne yanayin da cutar ta tsiro a cikinsa. Likitocin can sun ɗora alhakin kaso mai tsoka na annobar a kan kirim ɗin haɗi da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, wanda ya ƙunshi sitiroyid (maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi da maganin fangas da maganin bakteriya a bututu guda. Ki leƙa kowane kemis a unguwarku, za ki tarar da irinsa jere a kanta, kwalinsa na alkawarin maganin ƙuraje da ƙaiƙayi da kirci da kyasbi duk a lokaci ɗaya, farashinsa kuma bai kai kuɗin katin asibiti da na mota ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ko da sabon jinsin bai taka ƙofar asibitinki ba, yanayin da ya haife shi yana nan tare da mu.

Yadda sitiroyid ke yin ɓarnar a fili yake. Gefen nan mai tudu da kike gani a makero, da jan da ke zagaye shi, da ƙaiƙayin, duk alamar cewa garkuwar fata tana faɗa da fangas ne. Sitiroyid yana kwantar da wannan faɗan cikin kwana biyu ko uku, ƙaiƙayi ya tsaya, majinyaci ya ce ya dace da magani, alhali an ɗaure hannun mai gadi ne an bar ɓarawo. Ɗan maganin fangas da ke cikin haɗin ba ya isa ya kashe ƙwayar, musamman da yake ana shafawa a daina da zarar an ji sauƙi. Idan aka daina sai cutar ta taso fiye da da, a koma kemis a sayi wani bututun. Bayan wata uku ko shida siffar da aka koya mana a makaranta ta ɓace. Maimakon zobe guda mai tsabtataccen ciki, sai ki ga zobe cikin zobe, ko shimfiɗa mai faɗi da ba a gane iyakarta, ɓawon ya ragu, ga ƙananan ƙuraje masu mugunya a gindin gashi, ga fatar wurin ta yi haske ta yi siriri har ana hango jijiyoyi. A baƙar fata kada ki jira ganin ja irin na hotunan littattafan Turai, domin a wurinmu kumburin fata yakan fito ruwan toka, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko shuɗi-shuɗi mai ɗan ja. Yatsa ya fi ido aiki a nan: ki sa safar hannu ki shafa gefen, ki ji ko akwai tudu, sannan ki ɗan kankara ki ga ko ɓawo zai tashi. Alamar da ba ta cika yin ƙarya ba ita ce nanƙarwa mai faɗi a cinya ko hammata ko gefen nono a jikin wanda bai yi ƙiba ba, bai kuma yi ciki ba. Duk inda kika gan ta kusa da makero, ki ɗauka an shafa sitiroyid mai ƙarfi, ko an faɗa miki ko ba a faɗa ba.

Saboda haka sauyi na farko a aikinki tambaya ce, kuma yadda ake yin ta yana da tasiri. Idan kika ce “kin sha wani magani?” za a ce miki a'a, kuma ba ƙarya aka yi ba, domin a wurin jama'a abin shafawa ba ya cikin lissafin magani. Idan kika ce “kina bilicin?” kin rufe ƙofar magana, don babu mai amsa wannan suna. Abin da na saba faɗa shi ne: “Me da me kika shafa a wurin tun da ya fara, kuma wane mai kike shafawa bayan wanka? Gobe ki zo mini da su duka, har da kwalayen da suka ƙare.” Na tuna wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya huɗu, da aka turo mini a kan cewa makeronta ba ya jin kowane magani. Ta rantse ba ta shafa komai sai abin da aka rubuta mata. Washegari ta zazzage baƙar leda a kan teburina, bututu tara suka faɗo, an matse su har sun lanƙwashe, sunayensu daban-daban, launin kwalayensu daban-daban, amma da muka juya bayan kowanne muka karanta ƙananan rubutun, bakwai daga ciki suna ɗauke da sitiroyid iri ɗaya. Ita a saninta magani bakwai ta gwada. Man shafawarta kuwa yana cikin wata roba marar rubutu, wata maƙwabciya ce ke haɗawa tana sayarwa. Ki koya wa kanki da abokan aikinki karanta bayan kwali: inda kika ga an rubuta clobetasol ko betamethasone ko dexamethasone ko fluocinolone, to sitiroyid ne, kuma na farkon yana cikin ajin da ya fi kowanne ƙarfi. Roba marar rubutu da aka ce tana “ƙara haske” ko “goge tabo”, ki ɗauka akwai shi a ciki har sai an tabbatar da akasin haka.

Matsalar man ƙara haske ta kai inda hukumar NAFDAC ta ayyana ta a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa a shekarar 2023, kuma Ghana ta haramta kayan kwalliya masu haidirokwinon, wani sinadarin ƙara haske, tun 2016. Abin da ya shafe ki a nan shi ne mai shafa irin wannan mai a jiki duka ta mayar da fatarta gona mai taki ga fangas, kuma duk maganin da za ki ba ta zai zama zuba ruwa a kwando muddin tana ci gaba da shafawa.

Dakatar da sitiroyid shi ne rabin maganin, amma akwai abu biyu da dole ki kiyaye. Na farko, ki gargaɗi majinyaciya tun kafin ta bar ɗakin cewa a sati na farko da na biyu wurin zai ƙara tashi, ƙaiƙayi zai ƙaru, fata za ta yi zafi ta yi duhu, kuma wannan ba alamar maganinki ya ƙi ta ba ne. Idan ba ki faɗa ba, a dare na huɗu za ta lalubo tsohon bututunta, ta kuma gaya wa maƙwabta cewa maganin asibiti ya tayar mata da ciwo. Ki haɗa mata da maganin ƙaiƙayi na sha, setirizin miligiram 10 ko kulofeniramin miligiram 4 da dare, da man shafawa marar turare kamar basilin ko man kaɗanya. Na biyu ya fi haɗari. Wadda ta yi watanni ko shekaru tana shafa kilobetasol a faɗin jiki, maganin ya ratsa fata ya shiga jini, kuma mai yiwuwa ƙullin da ke saman ƙoda ya rage ƙera nasa sinadarin kotisol. Idan kika ga fuska ta yi zagaye ta cika, ga tudun kitse a bayan wuya, ga hawan jini ko suga da ba a san da shi ba, kada ki yanke mata a rana ɗaya, domin za ta iya faɗawa cikin kasala mai tsanani da amai da faɗuwar bugun jini. Irin wannan babban asibiti za a tura ta a janye mata sannu a hankali. Haka ma jariri: uwa ta ga ƙurajen zafi ko na kunzugu ta shafa kirim ɗin haɗi ta rufe da famfas, fatar jariri kuwa siririya ce, rufewar tana ƙara shigar maganin. Jaririn da kumatunsa suka cika fam alhali tsawonsa ya tsaya, dangi na murna ya yi ɓulɓul, ki tambayi abin da ake shafa masa.

Sauyi na biyu shi ne komawa ga awon da muka yi watsi da shi. Madubin da ake duba zazzabin cizon sauro da shi a ɗakin awonku ya isa ya nuna fangas. Ki goge wurin da sifirit, ki kankaro ɓawo daga gefen da ke ci gaba, ba daga tsakiya ba, da bayan reza ko gefen gilashin awo, ki ɗiga ruwan fotasiyam haidiroksaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ki rufe, ki jira minti 15 zuwa 20 ƙwayoyin fata su narke. A rage hasken madubin, a fara da ƙaramin gilashi sannan na 40. Abin nema shi ne zare-zare masu rassa, masu gaɓoɓi kamar kara. A fatar da ta sha sitiroyid zaren yakan yi yawa har ba a wahalar ganinsa. Wannan awo ba zai gaya miki jinsin ba, shuka ƙwayar a ɗakin awo na yau da kullum ma ba ta bambance sabon jinsin da danginsa na kusa, sai an kai ga awon ƙwayar halitta. Amma zai amsa tambayar da ta fi damun ki a ranar, wato fangas ne ko ba fangas ba, kafin ki ɗora wa talaka kuɗin maganin sha na sati shida.

Ina nanata wannan ne domin ba duk abu mai zagaye ne makero ba, kuma wani “makeron da ya ƙi magani” tun asali ba makero ba ne. Tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya ɓawo, ba ya gumi, ki sa majinyaci ya rufe ido ki taɓa shi da silin auduga a ciki da wajen tabon. Idan bai ji a ciki ba, kuturta ce har sai an kore ta, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da har yanzu ake samun sababbin masu ita kowace shekara. Maganinta kyauta ne ta hannun jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, kuma tun ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 magani uku ake ba kowa, rifamfisin da dafson da kulofazimin, wata 6 ga mai tabo kaɗan, wata 12 ga mai yawa. Baƙin tabo mai zagaye kamar an buga hatimi, wanda ke tashi a wuri ɗaya duk lokacin da aka sha wani magani, musamman masu salfa, rashin jituwa da magani ne. Idan a matsematsi ne kuma ya kama fatar maraina sosai, ga jiƙa, ga 'yan ƙuraje warwatse a bayan iyaka, kandida, wani nau'in fangas na daban, ta fi kusa, domin makero yakan bar maraina. Sai ƙazuwa, wadda kirim ɗin haɗi ke ɓoyewa kamar yadda yake ɓoye makero. Gidan da kowa ke susa da dare, ki duba tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya da al'aurar yara maza. Maganinta fametirin kashi 5 cikin 100 ne, ko benzil benzowet kashi 25 da ake sirka wa yara, ko aibamektin na sha, maikirogiram 200 ga kowane kilo, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 14, ban da mai juna biyu da yaron da bai kai kilo 15 ba. Makero da ƙazuwa sukan haɗu a jiki ɗaya, musamman inda ake kwana a cunkushe ana musayar tabarma da mayafi.

Idan kin tabbatar fangas ne, zaɓin magani ya danganta da faɗi da zurfi. Tabo ɗaya ko biyu ƙanana da ba su sha sitiroyid ba, kirim mai magani guda ya isa: kilotirimazol ko mikonazol sau biyu a rana na sati huɗu, ko kirim ɗin tarbinafin na sati biyu, a zarce gefen da faɗin yatsa biyu, a kuma ci gaba sati ɗaya ko biyu bayan wurin ya washe. Tsohon man Whitfield yana nan da amfaninsa ga wanda ba shi da hali, sai dai yana raɗaɗi a matsematsi. Nistatin kuwa ba ya taɓa makero ko kaɗan, na kandida ne, kuma na sha ganin an rubuta shi. Ki rubuta sunan maganin ɓaro-ɓaro, ki ce a dawo a nuna miki abin da aka saya, domin sau da yawa ke ki rubuta kilotirimazol zalla, mai kemis ya miƙa haɗi uku ya ce wannan ya fi ƙarfi.

Irin wanda kika kwatanta, mai faɗi, a wurare da yawa, wanda ya sha sitiroyid ko ya shiga gindin gashi, sai da maganin sha. Ra'ayina shi ne kada ki jefar da tarbinafin saboda labarin Indiya, domin a kan jinsunan da muka saba da su har yanzu yana aiki sosai, kuma ya fi sauran sauƙin hulɗa da wasu magunguna. Babba ya sha miligiram 250 kullum na sati huɗu, tare da kirim, ya dawo ki gani. Idan ya dawo ba sauƙi, kafin ki ce ƙwayar ta bijire ki bi waɗannan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya: ya sha kullum ko kuɗi sun yanke a kwana goma, ya daina shafa haɗin da gaske, an yi wa mutanen gida magani, kuma daga ina aka sayi ƙwayar, tunda jabun magani ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Sai idan duk waɗannan sun tsaya daidai, ga gefe mai tudu da ɓawo, ga zare a madubi bayan sati huɗu cur, sannan zargin bijirewa ya zauna, ya kuma ƙara ƙarfi idan akwai labarin tafiya.

A wannan matakin ana komawa itirakonazol, miligiram 100 sau biyu a rana, na sati shida zuwa takwas, wani lokaci fiye, har sai fata ta washe gaba ɗaya. Magani ne mai kyau amma mai sharuɗɗa, kuma yawancin gazawarsa daga rashin kiyaye su ne. Kafson ba ya shiga jini sai an sha shi nan take bayan cikakken abinci, kuma yana bukatar tsamin ciki, don haka mai shan omefirazol ko farin ruwan maganin olsa, waɗanda da yawa daga majinyatanmu ke sha ba tare da sun ambata ba, kusan asarar kuɗinsa yake yi. Mai shan rifamfisin na tarin fuka hantarsa za ta narkar da itirakonazol kafin ya yi aiki, haka ma mai shan kabamazefin ko fenitoyin na farfaɗiya. Shi kuma yana tara wasu magungunan a jini, irin su simbastatin na kitse da amlodifin na hawan jini. Ba a ba mai ciwon gazawar zuciya, ba a ba mai juna biyu, kuma mace mai shekarun haihuwa sai an tabbatar da tsarin tazarar haihuwa da take bi. Ganin yadda ciwon hanta nau'in B ya yawaita a cikinmu, ki nemi awon hanta kafin doguwar tafiya da shi ko da tarbinafin, ki kuma ce idan ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu a tsaya a zo. Mai juna biyu kirim kaɗai za ta yi amfani da shi har ta sauka.

Ketokonazol na sha ki cire shi daga alƙalaminki. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta dakatar da shi a matsayin maganin fangas, ta Amurka kuma ta hana amfani da shi don cututtukan fata da farce, saboda lalata hanta da ya kai wasu ga dashe ko mutuwa. Kirim ɗinsa da sabulun wanke kansa ba su da wannan matsalar. Fulukonazol ƙwaya ɗaya da ake ba mata da sunan “infekshan” ba ta warkar da makero mai faɗi, kuma shi da girisiyofulbin duka ba su da ƙarfi a kan sabon jinsin.

Inda girisiyofulbin ke riƙe da matsayinsa shi ne ƙora a kan yara, kuma tunda kin ce 'ya'yan ma suna zuwa, ki duba kawunansu ko ba a kawo ƙara ba. Kirim ba ya warkar da ƙora, domin ƙwayar tana cikin silin gashi. Ana ba da miligiram 20 zuwa 25 ga kowane kilo kullum na sati shida zuwa takwas, tare da abinci mai maiƙo, ko da cokalin man gyaɗa ne a tuwo ko kofin madara, domin da maiƙo yake shiga jini. Tarbinafin ma yana yi na sati huɗu bisa nauyi: miligiram 62.5 ga mai kilo 10 zuwa 20, 125 ga mai 20 zuwa 40, 250 ga wanda ya haura, sai dai a kan jinsin fangas da ake kira Microsporum girisiyofulbin ya fi shi. Idan kan yaro ya kumbura ya yi laushi yana tsattsafo mugunya ta ƙofofi da yawa, ga kaluluwa a wuya, kada ki tsaga shi da zaton maruru ne. Martanin jiki ne ga fangas, maganin sha ne ke sauke shi, tsagawa kuwa tabo take bari inda gashi ba zai sake fitowa ba. A makarantun allo da na kwana, aska ɗaya ko kilifa ɗaya da ke bin kawuna talatin ita ce hanyar yaɗuwa, kuma zama da malamin tsangaya da mai askin ya fi yi wa yaro ɗaya magani amfani.

Batun gida shi ne amsar dalilin da ya sa matar ke dawowa da mijinta. A yi wa duk mai alama magani a lokaci ɗaya, ba bi da bi ba. Kowa da tawul ɗinsa da sosonsa, a wanke kayan ciki da zanin gado da ruwan zafi, a juya su a shanya a rana, a goge da dutsen guga mai zafi musamman wajen ɗinki da ƙugu. A lokacin zafi da damina a rage matsattsun kaya na roba, a tsane matsematsi da ƙarƙashin nono bayan wanka. Ki duba tsakanin yatsun ƙafa da farce, domin nan ne ƙwayar ke laɓewa ta sake hawa. Babban da makeronsa ya yi faɗi ko yake yawan dawowa, ki auna masa suga, ki kuma ba shi shawarar gwajin cuta mai karya garkuwar jiki.

Akwai wani tarko a ƙarshen jinya wanda ya keɓanta da fatarmu. Bayan fangas ya mutu wurin yakan bar baƙin tabo da zai ɗauki watanni kafin ya koma daidai. Ma'aikaci ya gani ya zaci cutar na nan ya ƙara magani, majinyaciya kuma ta gani ta nufi kemis neman mai goge tabo, a miƙo mata kilobetasol, a koma gidan jiya. Ki nuna mata bambancin da yatsanta: in wurin sumul yake, ba tudu, ba ɓawo, ba ƙaiƙayi, ya warke, launin kuma zai dawo da kansa. Nanƙarwar kuwa ki gaya mata gaskiya cewa za ta dushe amma ba za ta ɓace ba, don kada wani ya sayar mata da maganinta.

Wanda za ki tura gaba shi ne wanda ya cika sati takwas a kan itirakonazol yadda ya dace bai warke ba, da mai alamun sitiroyid ya shiga jini, da mai ciwon hanta ko zuciya, da mai shan maganin tarin fuka, da duk wanda awon madubi ya ƙi nuna fangas sau biyu alhali ciwon na ci gaba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da likitocin fata. A takardar turawa ki rubuta sunan kowane magani da adadinsa da ranar farawa da ranar tsayawa, da labarin tafiya idan akwai. Da izinin majinyaci ki ɗauki hoton wurin a hasken rana tun ranar farko, ba tare da fuska ba, ɗaya daga nesa ɗaya daga kusa da gefen, domin likitan da zai gan shi bayan wata biyu ba zai ga abin da kika gani ba. Ki ce ya dakatar da kirim na sati guda kafin ranar ganin likita don a sami ɓawon da za a shuka, kuma ya tafi da ledar bututunsa.